Kambas mai raga a hunturun Argungu: ƙafa ta huta, ƙura ta samu gida

Takalmin da zan yi sharhi a kansa kambas ne na gudu, irin mai raga a sama da soso mai kauri a ƙasa, wanda yanzu ya cika shagunan Birnin Kebbi. A can na saye shi farkon sanyin bana, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na kambas ɗin roba sau uku. Hukuncina a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa idan gwiwa da dunduniya ne damuwarka, amma wanda ya ƙera shi bai san buji ba.

Ina fita ne bayan sallar asuba, lokacin da hazo bai bari ka ga ƙarshen layi. Nakan fara daga wajen kasuwar Argungu, in bi ta gaban gidan tarihi na Kanta, in kutsa lungunan tsohon gari, sannan in gangara gulbin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Wannan hanya tana da kyau wajen gwada takalmi, domin ƙasa iri huɗu za ka taka: kwalta, burji, busasshiyar ƙasar lungu da sawu ya daddaɓe, da kuma yashin bakin gulbi.

A kan kwalta ba ni da abin cewa sai yabo. Soson yana shanye dukan ƙasa, ciwon gwiwar da nake tashi da shi in na yi gudu da tsohon takalmina ya ragu ƙwarai. Ba shi da nauyi, kuma gabansa da faɗi, yatsu suna sakewa. Lamba 43 nake sawa, na ɗauki 44 saboda safa mai kauri, ya zauna daidai. Wanda zai yi gudu cikin ɗari ya yi haka, domin siririyar safa ba ta tare iskar da ke ratsa ragar, kuma jaurar Disamba da Janairu ba ta wasa da yatsu.

Cikin lungu ne ya fi burge ni. Unguwannin da ke kewaye da tsohuwar fada an yi su ne don mai tafiya da ƙafa da mai jaki, kwana a kan kwana, ga kwata tana ratsa tsakiya, ga dakali ya fito, ga tumaki kwance ba su da niyyar tashi. Gidan tarihin kansa shi ne fadar sarakunan Kabi har 1942, aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi a 1958, kuma kaburburan sarakuna na nan ciki, don haka in na zo gabansa nakan sassauta in koma tafiya, kunya ba ta bari in wuce a guje da wandon motsa jiki. A irin wannan wuri kana yawan tsayawa da karkacewa, takalmin kuwa yana riƙe idon sawu, bai taɓa gurɗa ni ba. Ko inda ruwan wanke-wanke ya jiƙa ƙasa bai zame ba.

Akwai wani dattijo da ke jin ɗumi a ƙofar gidansa kullum, rawani har kunne. Ganina na farko ya ɗaga hannu ya ce, "Lahiya dai, ɗana? Mi ya koro ka?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, motsa jini nake." Ya dubi ƙafata ya ce, "To Allah shi taimaka, amma wanga takalmi naka ba shi kai bazara da haskenai." Takalmin fari ne a lokacin.

Gaskiyar Baba ce. Raga an yi ta don ƙafa ta sha iska kada gumi ya taru, kuma a watan Afrilu zan gode mata. A hunturu kuwa rariya ce: ƙura mai laushi tana bi ta cikinta, ta ratsa safa, ta kwanta tsakanin yatsu. Kana cire takalmi sai ka ga zanen ragar a bayan ƙafarka, ja-ja. Ga mai faso abin ya fi muni, don ƙurar tana shiga tsagar dunduniya ta yi ta ci. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce shafa man kaɗanya da dare, ba da safe ba. In ka shafa da safe ka fita, ƙura ce za ta manne a kai ta zama taɓo.

Gangaren Matan Fada shi ne wurin da na fi so, shi ne kuma inda takalmin ya fi shan wahala. Kafin bikin kamun kifi wurin shiru yake, an hana jefa homa a wannan yanki sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini, don haka daga kai sai tsuntsaye da masu wucewa gonakin shinkafa a fadama. Da wuya ka yarda nan ne dubban masunta ke rugawa cikin ruwa da gora, bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Su ƙafa tsirara suke shiga, ni kuwa da takalmin tsada yashi yake cika mini shi kafin in yi nisa. Sai kuma ƙarangiya. Tana kama raga da igiya ta yadda sai ka zauna ka tsince ta ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka fizga da ƙarfi zaren ragar ke biyo ta. Ramukan ƙasan takalmin ma suna riƙe tsakuwar burji, in ka hau kwalta ka ji ƙas-ƙas har sai ka sa tsinke.

Wanki ba shi da wuya: burushi, sabulu, a shanya a inuwa, iskar hunturu ta busar da shi kafin azahar. Fari dai ba ya dawowa. Wata matsala ƙarama ita ce bayansa mai tauri ne, ba a zura shi a tsaye, saboda haka da silifa nake zuwa masallaci in dawo in ɗaura shi. Gam ɗin gaban na dama ya fara ɗagawa wajen babban yatsa, shumeka ya ɗinke mini shi da zare, bai sake motsi ba.

Idan gudunka a kan kwalta ne ko filin ƙwallo, saye shi ba tare da shakka ba, amma ka ɗauki ruwan ƙasa ko toka-toka. Idan kuwa lungu da bakin gulbi za ka riƙa bi kamar ni, ka ɗaga takalmin sama ka duba ragar a hasken rana tun a shago. Wanda haske ke ratsawa sosai ka ajiye shi, ka nemi mai saƙa matsattsiya ko mai shafi biyu, ko da zai ɗan fi nauyi.