VT na rezin mai 11kV: kaya mai kyau, in an ɗaura shi inda ya dace

Manyan masana'antun casar shinkafa na Kebbi da ke da taransifomarsu mai sauke 33kV zuwa 11kV suna yawan haɗuwa da wannan VT, wato ƙaramar taransifomar awon bolt da aka lulluɓe da rezin (wani irin roba mai tauri), a cikin fanel. Aikinsa sauke ƙarfin wuta zuwa bolt 110 domin rile (na'urar kariya mai sa a yanke wuta idan an sami matsala) da mita su iya karantawa. Wanda ya cancanci kuɗinsa shi ne mai naɗi biyu: ɗaya mai ajin daidaiton awo 0.5 na mita, ɗaya mai aji 3P na kariya.

Ba ya yoyon mai, ba ya buƙatar wata hidima sai sharewa. A nan mun yaba masa. Amma na cikin ɗaki ne. Aka bar shi a waje, ƙurar hunturu ta kwanta a jikinsa, ruwan farko ya jiƙa ta, sai wuta ta fara bin jikin rezin ɗin har ya tsage.

Inda aka fi kuskure shi ne wurin ɗaurawa. A sa shi a ɓangaren 11kV, tsakanin taransifoma da bireka, ba a kan basba (sandunan da ke raba wuta a cikin fanel bayan bireka) kaɗai ba. Idan bireka ta buɗe, VT na basba ya daina ganin taransifoma, alhali tana nan da wuta daga 33kV. Rilen da ke lura da hawan wuta fiye da ƙima, da na'urar da ke juya tap don daidaita ƙarfin wutar taransifoma, duk sun makance ke nan. Kariyar da ke gwada wutar shiga da ta fita kuwa, CT, wato taransifomar awon amfiya, take nema, ba ruwanta da VT. Kada dillali ya ce maka wannan ya maye gurbin wancan.

Duba farantin jikinsa kafin ka biya. Idan tsakiyar naɗin taransifomarka ba a haɗe yake kai tsaye da ƙasa ba, nemi mai jure ninki 1.9 na wutar da aka rubuta masa, domin in layi ɗaya ya taɓa ƙasa, sauran biyun wutarsu tana hawa kusan ninki 1.73. Mai 1.2 zai iya ƙonewa.

Abin da ya rage masa daraja: sau da yawa yana zuwa ba resistar da ake sa wa buɗaɗɗen delta (wani salon haɗa naɗin fita na VT uku), wadda ke hana shi kaɗuwa ya yi zafi yayin kunna layi. Saye ta daban. Fiyus a ɓangaren 11kV, ƙaramar bireka a ɓangaren 110, a haɗa da ƙasa a wuri ɗaya tak, kuma kada a taɓa haɗe bakin wayoyinsa na fita kamar yadda ake yi wa CT.