Safar matse ƙafa: tana aiki, amma sai an gwada ki

Duk wadda ke wuni a tsaye a babbar kasuwar Garwa, a Kamaru, ta san abin nan: da la'asar ƙafa ta yi nauyi, idon sawu ya kumbura, jijiyoyi su fito ruɗu-ruɗu a sharaɓa. Likita ya ce 'yan ƙofofin da ke cikin jijiyoyin ne suka saki, jinin da ya kamata ya hau zuwa zuciya yake komowa ƙasa yana taruwa. Ya rubuta min safar da 'yan farmasi ke kira bas de contention, mai lamba 2 a ƙarfin matsewa, wadda ke tsayawa ƙasan gwiwa.

Tsakani da Allah tana aiki. Ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa in ta yi sama. Da sassafe nake sa ta kafin ƙafar ta tashi, yanzu da yamma takalmina na shiga ba gardama.

Amma wannan ta biyu ce nake yabo. Ta farko, yaron farmasin kallona kawai ya yi sama da ƙasa, ya miƙo kwali ya ce, "Hajiya, wannan ce daidai ke." Ko tef bai ɗauko ba, alhali a jikin kwalin an rubuta awon idon sawu da na sharaɓa da santimita. Kafin azahar bakinta ya naɗe a bayan gwiwa ya shaƙe ni kamar igiya, ya bar shaida ja jawur. Da na mayar, ko kunya babu ya ce abin da ya taɓa jiki ba sa karɓa. Kun dai san kuɗinta ba na wasa ba ne! Maƙwabciyata tela ce ta gwada ni da tef ɗinta, na sake saya a wani wuri.

Ga kuma alwala. A tuɓe, a wanke, a goge, sannan a yi ta kokawar mayar da ita kan ƙafa mai danshi, a zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. Wata rana in na cire ta da la'asar, sai gobe kuma. Mai ciwon suga ko toshewar jijiyar da ke kawo jini ƙafa kada ta saya sai likita ya duba ta. Waccan ta farkon tana nan a ƙasan akwati, mai siririyar ƙafa ta yi magana.