Akufancha a Wuse 2: bayana ya ji sauƙi, aljihu ya ji jiki

Masu tambayata game da akufancha, wato allurar 'yan China ɗin nan da nake zuwa a Wuse 2, Abuja, ga yadda take. Ciwon ƙugu ne ke damuna, irin na zaman ofis da zaman mota daga Kubwa zuwa Sakatariya kullum, har ta kai ɗagowa daga ruku'u ma sai na bi a hankali. Na yi hoto likita ya ce babu abin da ya goce, sai ƙwayar rage ciwo ta diclofenac nake ta afawa har cikina ya fara zafi, shi ne ya ce in yi hattara don yana jawo olsa yana kuma taɓa ƙoda.

Allurar ba irin ta asibiti ba ce, ba ruwan magani a ciki, siririya ce sosai kuma a gabana ake ɓare sabuwa daga leda, in ba a yi maka haka ba wallahi ka tashi ka kama gabanka. Za ka kwanta rub da ciki a soka maka a ƙugu da bayan gwiwa har wajen idon sawu, a bar ka minti 20 zuwa 30. Ba zafi, sai wani nauyi-nauyi a wurin, kuma ba a fitar da jini kamar ƙaho. Ni barci ma yake ɗaukata.

Sauƙi kam na samu, ba zan yi ƙarya ba, na daina shan ƙwaya kullum kuma ina juyi a gado ba tare da na yi ƙara ba. Amma da na ɗan daina zuwa na koma zaman kujerar nan, ciwon ya fara leƙowa.

To maganar kuɗi fa. Inshorar lafiyata ba ta biya, ko sisi, komai daga aljihu, ga kuɗin mai, ga shi ba zuwa ɗaya ake yi ba so suke ka riƙa zuwa duk sati, kuma tun ranar farko aka fara lallaɓa ni in biya na zama goma gaba ɗaya wai za a min ragi, na ce a'a malam bari dai in ga kamun ludayinta tukuna. Su kansu Turawa bakinsu bai zo ɗaya ba a kan allurar nan. A Amurka tun 2020 inshorar Medicare ke biya wa masu daɗaɗɗen ciwon baya, zama 12 cikin kwana 90, a ƙara 8 in ana samun sauƙi. Ingila kuwa hukumarsu ta lafiya mai suna NICE a 2016 cewa ta yi kada a bayar da ita don ciwon baya, hujjar ba ta gamsar da su ba.

Yanzu sai ciwon ya matsa min sosai nake zuwa, sauran lokaci motsa jikin da mai fisiyo (ma'aikaciyar gashi da motsa gaɓoɓi) ta koya min nake yi bayan asuba, wannan kyauta ne. Wanda kuma ƙafarsa ke mutuwa ko fitsari ke ƙwace masa, asibiti zai nufa a ranar, ba wajen allura ba.