Wace manhaja za ka ɗauka don ajiye tarihin aikin kwamfuta?

Kwamfuta ba ta cika yin nauyi a gaban mai gyara ba. Za a kira ka a ce jiya da la'asar saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, ta tsaya cak, ma'aikata sun kasa buɗe komai, ka zo yau ka duba Task Manager na Windows ko top na Linux ka tarar komai lafiya lau. Waɗannan biyun abin da ke gudana yanzu kawai suke nunawa, zanen Task Manager ma daƙiƙa 60 na baya yake riƙewa. Amsar abin da ya faru jiya tana hannun manhajar da ta riga ta zauna tana ɗaukar awo tana rubutawa a faifai tun kafin matsalar ta kunno kai. Irin waɗannan suna da yawa, wasu kyauta, wasu ana biyansu da dala duk wata, kuma tsada ba ita ke nuna wadda ta dace da kai ba.

Abu uku za ka fara tsayarwa: bayan kowane lokaci nawa za a ɗauki awo, kwana nawa za a ajiye shi, da kuma inda za a ajiye. Na farkon shi ne aka fi yi wa sakaci. A ce manhajar tana rubuta matsakaici duk bayan minti 10, sai CPU, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, ya cika maƙil na daƙiƙa 30 sannan ya sauka. A rahoto, wannan cikar kashi 5 cikin 100 kawai za ta ƙara, domin daƙiƙa 30 cikin 600 ke nan. Za ka duba ka rantse ba abin da ya faru. Idan ƙorafin da ake kawo maka na tsayawa ne na ɗan lokaci, tazarar minti 10 ba za ta kama shi ba. Ka nemi minti 1 ko ƙasa da haka. Idan kuwa so kake ka san ko RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, zai ishe ka zuwa baɗi, tazara mai faɗi da ajiya ta watanni ta fi amfani.

Saba guda ko biyu a kan Linux

A nan ba sai ka kashe ko kwabo ba. Sysstat, wanda Sébastien Godard ke kula da shi, yana cikin rumbun manhajojin kusan kowane Linux, kuma a cikinsa ake samun umarnonin sar, iostat, mpstat da pidstat. A Debian da Ubuntu, saka shi kaɗai bai isa ba. Ka buɗe /etc/default/sysstat ka tabbatar ENABLED yana kan true, ka kuma kunna sabis ɗin, in ba haka ba ranar da ka nemi tarihi za ka tarar babu ko layi ɗaya. Yana rubuta fayil guda a kowace rana, a /var/log/sysstat a Debian, a /var/log/sa a dangin Red Hat, kuma sunan fayil yana bin ranar wata: sa14 na ranar 14 ne. Tazararsa ta asali minti 10 ce, a rage ta a /etc/cron.d/sysstat ko a sysstat-collect.timer, gwargwadon wanda na'urarka ke aiki da shi. Adadin kwanakin ajiya yana layin HISTORY. A Debian kwana 7 ne kacal, wanda bai isa a kwatanta ƙarshen wannan wata da na wancan ba, don haka a ɗaga shi zuwa 28.

Karatunsa ba wuya. Umarnin sar -u na CPU ne, sar -r na RAM, sar -d na faifai, sar -n DEV na zirga-zirgar netwok, sar -f kuma yana buɗe fayil na wata rana da ta wuce. Ginshiƙai biyu sun cancanci a sa musu ido. Idan %iowait ya hau alhali %user yana ƙasa, CPU zaune yake yana jiran faifai, sayen wani CPU mai ƙarfi asarar kuɗi ce. Idan saba ta haya ce irin ta VPS kuma %steal ya hau, wasu masu haya ne a kan na'urar da kuke rabawa ke cinye lokacinka, maganar ta koma tsakaninka da kamfanin da ya ba ka haya.

Inda sar ya gaza shi ne bai faɗa maka wane shiri ne ya jawo nauyin. Nan atop, na Gerlof Langeveld, ya yi masa fintinkau, domin yana rubuta kowane shiri da abin da ya ci na CPU, RAM da faifai. Fayilolinsa suna /var/log/atop, ana buɗe su da atop -r, sannan ƙaramin t ya kai ka gaba, babban T ya mayar da kai baya, har ka isa ƙarfe 4:20 na jiya ka ga ashe aikin kwafin ajiya ne ya danne faifai. Shi ma tazararsa ta asali daƙiƙa 600 ce. In ka mayar da ita 60, fayil zai ninka girma wajen sau 10, sai ka lura da gurbin da ya rage a /var. A ganinmu duk sabar Linux da ake dogaro da ita ya kamata a saka mata su biyun ranar da aka kafa ta, ko da za a kawo wani babban tsari daga baya.

Windows

Performance Monitor yana cikin Windows tun asali, a rubuta perfmon zai buɗe. Abin da ke ajiye tarihi a cikinsa shi ne Data Collector Set, wanda ke zuba fayil mai ƙarshen .blg a C:\PerfLogs, duk bayan daƙiƙa 15 idan ba a canza ba. Kada ka zaɓi dukkan ma'aunai, fayil zai kumbura ya gagari buɗewa. Huɗu sun isa farawa: % Processor Time, Available MBytes, Avg. Disk sec/Read da Avg. Disk sec/Write. Na faifan nan biyu da daƙiƙa ake auna su, wato 0.020 na nufin kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ga tsohon faifai mai juyawa wannan ba abin tsoro ba ne, amma ga SSD, faifan zamani marar juyawa, alama ce ta cewa wani abu na damun sa.

Tarkon da ke cikinsa shi ne idan wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu, ba ya tashi da kansa in ta dawo. Dole a sa Task Scheduler ya gudanar da umarnin logman start da sunan Data Collector Set ɗin a duk lokacin da na'ura ta kunnu. A wurin da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, wanda bai yi wannan ba zai tarar tarihinsa ya yanke tun makon jiya. A kuma zaɓi tsarin bincirc tare da iyakar girma, misali MB 500, don sabon awo ya riƙa hawa kan mafi tsufa maimakon ya cika faifai. Umarnin relog yana mayar da .blg zuwa CSV ga mai son buɗewa a Excel.

Idan na'urori sun yi yawa

Da zarar sun kai goma, shiga ɗaya bayan ɗaya ya zama wahala, kuma kana buƙatar a aiko maka da gargaɗi kafin a kira ka. Manyan zaɓuɓɓuka na kyauta biyu ne, kuma bambancinsu ya wuce kyan zane.

Prometheus, wanda aka fara a kamfanin SoundCloud a 2012, shi ke zuwa ya karɓo awo daga kowace na'ura. Ana saka ƙaramin shirin node_exporter a Linux, yana sauraro a ƙofar netwok (port) ta 9100, ko windows_exporter a 9182, sannan manhajar Grafana ta zana awon. Kwana 15 yake ajiyewa idan ba a ƙara masa ba. Ba ya cin faifai sosai, kowane awo bait 1 zuwa 2 ne. Ɗauka kowace na'ura tana ba da ma'aunai 1,000 duk daƙiƙa 15: awo 5,760,000 ke nan a rana, wajen MB 12. Na'ura 20 na kwana 90 za su ci kusan GB 21. Rauninsa shi ne node_exporter ba ya riƙe komai, don haka idan layin da ke tsakaninsu ya yanke na awa biyu, awon waɗannan awanni ya tafi ke nan, ba a dawo da shi.

Zabbix, daga Riga ta ƙasar Latbiya, ya fi nauyin kafawa domin sai an haɗa masa rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL, kuma rumbun nan shi ke fara gajiya idan aka cika masa awo. Amma yana zuwa da gargaɗi, zane da karanta na'urorin netwok ta SNMP, hanyar da ake tambayar su awo, duk a wuri ɗaya, yana kuma taƙaita tsohon awo zuwa mafi ƙaranci, matsakaici da mafi yawa na kowace awa, ya riƙe su shekara guda. Babbar fa'idarsa ga mai rassa a garuruwa daban-daban ita ce Zabbix proxy: ana ajiye shi a reshe ya tara awo, idan intanet ta dawo ya tura. Awon awa 1 kawai yake riƙewa a asali, amma ana iya ɗaga saitin ProxyOfflineBuffer har awa 720. Makaranta ko asibiti mai rassa da layi mai yawan yankewa, Zabbix za mu ba shi shawara.

Netdata yana ɗaukar awo duk daƙiƙa, kuma cikin mintoci kaɗan da saka shi za ka ga zane a ƙofa ta 19999. Ya dace da farautar nauyin da ke zuwa ya wuce nan take, sai dai yana cin RAM fiye da sar nesa ba kusa ba, a yi hattara a ƙaramar saba. Ƙofofin nan, 19999 da 9100, kada a bar su a buɗe ga intanet, domin duk wanda ya iso zai karanta sirrin na'urarka ba tare da kalmar sirri ba.

Na kuɗi

PRTG na kamfanin Paessler na Jamus a kan Windows yake zama, kuma kyauta ne har ma'aunai 100, wanda zai iya isar ƙaramin ofis. Datadog da ire-irensa suna ajiye awonka a wurinsu, ana biya bisa yawan na'urori duk wata. Abin da kake saye a nan shi ne hutu daga kula da sabar awo da kanka. Ka lissafa da canjin dala, da kuɗin data da awon zai ci yana fita dare da rana, ka kuma tambayi kwana nawa suke ajiyewa a matakin da za ka biya, da ko za ka iya fitar da tarihinka ranar da ka daina.

Ko wanne ka ɗauka, ka duba agogon na'urorin. Idan batirin CR2032 na allon kwamfuta ya mutu, agogo zai rikice duk lokacin da wuta ta ɗauke, awo ya faɗa ranar da ba tasa ba, kuma ba za ka iya jera tarihin na'urori biyu ba. A canza batirin, a kunna NTP, mai daidaita agogo ta netwok. Sabar da ke tara awon ita ma a ɗora ta a kan UPS ko infata, kuma in ƙaramar kwamfutar nan ce Raspberry Pi a haɗa mata SSD, domin yawan rubutu yana kashe katin SD. Kwana biyu bayan kafawa, ka kashe na'urar da gangan ka kunna, sannan ka buɗe tarihi ka ga ko ya ci gaba da rubutu daga inda ya tsaya.