Tecno, Samsung ko ta hannu: wacce za ka ɗauka a Farm Centre?

A da idan aka ce wayarka 'yar China ce, raini ne: ga ƙara kamar rediyon mai shayi, ga eriya, wata biyu ta mutu. Yau leƙa gilasan shagunan Farm Centre da Beirut Road, kasuwannin waya na Kano. Tecno, Infinix da itel ne suka cika su, kuma duk ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen, wanda a 2017 ya sha gaban Samsung wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka.

Ni dai Tecno nake nuna wa mutane. Masu ƙera ta sun zauna sun karanci halin da muke ciki. Sun ga kowa na riƙe layi biyu saboda matsalar sabis, suka yi waya mai sim biyu tun da wuri. Sun ga wuta ba ta zama, suka sa batir mai jure yini guda cur. Kamararsu ma an gyara ta yadda baƙar fata ke fitowa sarai. Abin da ya fi min komai shi ne gyara: sikirin ya fashe, kafin la'asar yaron shago ya sauya maka, don kayanta na ko'ina, ga kuma ofishin Carlcare, wurin gyaran kamfanin, idan garantinka bai ƙare ba.

Samsung waya ce mai kyau, amma tambayi kuɗin sikirinta tukuna. Redmi ba laifi. Tsohuwar iPhone kuwa, kullum kana maƙale da caja.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne wajen 'yan damfara, don an taɓa sayar min da gyararriyar waya a sabon kwali, an naɗe ta da leda tsaf, sati bai cika ba batir ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Ɗan'uwa, a buɗe kwali a gabanka. Danna *#06# ka ga ko lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta jikin kwali. Duba gefen sikirin, in ka ga alamar gam, an taɓa buɗe ta. Caja da ke cikin kwalin ma ana musanya ta da jabu, ɗaga ka ji nauyinta.

Ta hannu kuwa, da ƙwacen wayar da ake fama da shi a Kano, kar ka saya a bakin titi ko da rabin kuɗi ne, don ranar da aka bi sawunta kai za a kama. Sayi a shago mai lamba, a rubuta maka rasit da IMEI a jiki, mai shagon ya sa hannu.