Kafin ka sayi zakara a cikin Kano, ka duba wannan

Jama'a masu kiwon kaji a gida, musamman mu da ke cikin gari inda katangarka ita ce katangar maƙwabcinka, maganar farko ita ce babu wani irin zakara da ba ya cara, ko na Hausa ko na Turawa, ko na dubu nawa ne. Duk mai kajin da ya ce maka wannan shiru-shiru ne ba ya damun mutane toh bai gaya maka gaskiya ba, a keji cikin zafi da tsoro kowane zakara shiru yake yi, bari ya kwana biyu a gidanka ya saba ka ji.

Dan haka kafin ka nufi kasuwar Tarauni ko ta Sabon Gari ka tambayi kanka me kake so da shi. In ƙwai kawai kake so na ci, wallahi ba ka buƙatar zakara ko ɗaya, kaza tana yin ƙwanta ko da miji ko babu, amfaninsa shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyashewa. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna ta ciyar da zakara suna ɓata da maƙwabta a banza. In kuma 'yan tsaki kike so Hajiya, akwai hanyar da iyayenmu suka saba, ki aro zakaran 'yar uwarki ya yi sati ɗaya da kajinki ki mayar, domin kaza na iya ci gaba da yin ƙwai mai ɗa har wajen sati biyu bayan rabuwarsu, ko ma ki sayi ƙwai mai ɗa ki saka wa wadda take kwanci, kwana 21 sun fito. Ga wanda ke haya a gidan yawa ni wannan nake ba shi shawara, ba sayen zakara ba.

Toh in ka ce lallai sai ka ajiye naka, ga abin da ke kasuwa.

Zakaran Hausa shi ne na farko kuma har yanzu shi na fi yarda da shi. Ba shi da nauyi, ba ya cin abinci da yawa, dusa da tsakin hatsi da ragowar tuwo sun ishe shi sauran ya tona da kansa, yana jure zafin watan Afrilu da ake haura digiri 40, kuma shi ne mai tsaron gaske, da ya hango shaho ko mage zai yi wani kuka kajin duk su ɓuya. Matsalarsa muryarsa siririya ce mai kaifi kuma ba ya gajiya, ga tashi sama, katangar da kake ganin ta yi tsawo zai haye ta ya je ya yi cara a saman bandakin maƙwabci, sai dai ka rage masa gashin fiffike ɗaya da almakashi. Akwai wanda ake kira na Fulani, ya fi na gida tsawo da jiki, in ka same shi a kasuwannin ƙauye kamar Wudil ranar Juma'a ka duba shi da kyau, yana gyara iri sosai ba tare da ya yi wa kaji nauyi ba.

Sai Noiler, wanda kamfanin Amo na jihar Oyo ya fitar, yanzu ko'ina akwai shi a Kano. Yana girma da sauri ya ba da nama, launinsa ma kamar na gida, shi ya sa mata ke son sa. Amma ku sani cinsa ya ninka na zakaran Hausa, in ba ka haɗa masa da abincin buhu ba ba za ka ga jikin da ake faɗa ba, kuma in ya yi ƙiba yana yi wa ƙananan kajin Hausa nauyi har ka ga bayansu ya tsige ya yi ja. Wani abu kuma, 'ya'yan da za ka samu daga gare shi ba lallai su yi girman ubansu ba saboda shi kansa haɗin iri ne, kuma matan Noiler ba su cika kwanci ba, dole ka bar kazar Hausa a gidan ta riƙa yi maka wannan aikin.

Kokarel mai araha ɗin nan da ake sayarwa tun yana ɗan kwana ɗaya, mazan kajin ƙwai ne, na yanka ne kawai. Yana fara gwada cara a wata huɗu zuwa biyar, in ka sayi goma toh ka shirya yanka su ko sayar da su kafin lokacin, ka lissafa da Sallah ma sai ka ci riba. Buroila kuwa ba a maganarsa a nan, ana cinye shi tun kafin ya yi murya.

Birahma shi ne yayin matasa yanzu, ƙato ne mai gashi har ƙafa, yana iya kai kilo 5, yana da sanyin hali yara ma suna ɗaukarsa, kuma muryarsa mai kauri ce ba ta soka kunne kamar ta na gida, amma cara dai yana yi. Ga tsada, ga jinkirin balaga, ga yawan gashin da ke wahalar da shi a bazara, da damina kuma taɓo ya manne masa a ƙafa. In ba ka da inuwa da tsabtataccen waje dan Allah ka bar shi, tausayi yake ba ni in na gan shi yana haki a gidan da babu ko bishiya.

Yanzu maganar carar kanta, nan ne na fi so ku tsaya. Masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan sun nuna a 2013 cewa zakara yana da agogonsa a jiki, yana fara cara kusan awa biyu kafin haske ya fito, ko an ajiye shi inda hasken ba ya canzawa zai yi a kan lokacinsa. A 2015 kuma suka gano cewa babban zakara ne ke farawa sannan na ƙasa da shi su amsa bi da bi. Ka ga ke nan zakara biyu ba ƙarar biyu ba ce, amsa-amsa ce da ba ta ƙarewa, ga faɗa. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, in kajinka biyar ne ka ajiye zakaru uku ka zalunci kajin ka zalunci unguwa. Kuma ƙarar ba wasa ba ce, a Jami'ar Antwerp ta Beljiyam sun auna ta a kusa da kan zakara ta wuce desibel 130 a ma'aunin ƙarfin sauti.

Agogon jikin ba za ka iya cire shi ba, amma sauran carar ta tsakar dare yawanci tayar da shi ake yi, a kawo wuta ƙarfe biyu ƙwan lantarkin tsakar gida ya haska masa ido, ko fitilar sola da ke kwana a kunne, ko janareto, ko ya jiyo na maƙwabta. Shi ya sa nake cewa kuɗin da za ka ƙara a kan zakara mai tsada gara ka sa shi a akurki. Ka yi shi da bulo ko laka maimakon kwano zalla, kwano yana ƙara amo kuma yana dafa kaji da zafi, ka sa ƙofar katako, ka bar ƙananan tagogin iska a sama da raga ta ɓangaren da hasken fitila ba ya shiga, kuma ka nisanta shi da tagar ɗakin kwanan maƙwabci, ƙofar ta kalli cikin gidanka. Ka rufe shi da magariba kar ka buɗe sai hantsi ya fara, zai yi cararsa a ciki amma bulo ya shanye fiye da rabin damuwar. Kada dai ka toshe iska gaba ɗaya dan neman shiru.

Akwai wata ɗamara da ake tallatawa a intanet, ana ɗaura masa a wuya ta rage ƙarfin iskar da yake fitarwa. Ba ta hana cara, ragewa take, kuma ni ban goyi bayanta a Kano ba, domin kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, ka matse wuyan dabba a wannan yanayin namu in ka ƙara ɗan matsi kaɗan sai ka wayi gari ya mutu ko abinci ya sarƙe shi. Ya zo a hadisi cewa kada a zagi zakara domin yana tashin mutane sallah, toh ina ga shaƙe shi. Haƙƙin maƙwabci ma addini ne, in akwai mara lafiya ko mai jego a bayan katangar ka je ka yi sallama ka tambaye su kafin ka saya, ba sai an kai ka gun mai unguwa ba.

Ranar saye kar ka tsaya daga nesa kana nunawa, ka karɓe shi a hannu. Zankonsa ya zama ja mai sheƙi, ido garau, hanci ba majina, ka kara kunne ka ji ko numfashinsa na ƙara, ka shafa ƙirjin in ƙashin ya fito kamar wuƙa ya rame, ka ɗaga fiffike ka duba ƙwarƙwata, ka duba ƙasan wutsiya ko kashi fari ko kore ya manne. Ƙaimin ƙafarsa zai gaya maka shekarunsa, gajere ɗan tsiro saurayi ne, dogo mai lanƙwasa tsoho ne, ka nemi ɗan wata shida zuwa shekara. Ka guji saye dab da Sallah saboda farashi, da tsakiyar hunturu lokacin da cutar Nikasil ke share kaji gida-gida. Kuma in ka kawo shi ka ware shi shi kaɗai sati biyu, ka nemi rigakafin cutar Nikasil mai suna Lasota a shagon magungunan dabbobi, ka tabbata daga firij aka ɗauko maka ka kai shi gida cikin ƙanƙara, sannan ka haɗa shi da sauran da daddare lokacin da suka kwanta.