Hattara da masu tallar hutun ma'aurata "ban da yara" a dutsen Obudu

'Yan uwa mutanen Maraɗi, musamman masu aure, duk wanda ya ga talla a Facebook, ko aka turo masa a zauren WhatsApp, cewa ana kai miji da mata dutsen Obudu na Najeriya su yi murnar cikar shekarun aurensu, kwana 5, ban da yara, mota da masauki da abinci duka a kan jikka 350, kada ya tura ko dala. Babu mota, babu ɗaki, babu ofis. Masu wannan shafi sun riga sun ci kuɗin mutane a unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo, kuma waɗannan su ne kawai suka iya buɗe baki suka faɗa. Kama sunan shafin ba zai amfane ku da komai ba, don ba ya zama da suna ɗaya. Tsakanin ƙaramar salla da babba ma sai da ya sake suna, hotunan ne dai suna nan yadda suke.

Ni uwar adashi ce, ta nan maganar ta same ni. Mata biyu cikin zubinmu suka nemi a ba su kwasa tun layinsu bai zo ba. Kowace ta biyo ni ɗaki ita kaɗai, kowace ta ce wata 'yar lalura ce da ba ta so maigida ya ji. Uwar adashi ba ta bin diddigin abin da mace za ta yi da kuɗinta. Sai da abin ya fashe suka gane lamba ɗaya suka yi ta hira da ita, kuma ɗaki ɗaya aka sayar musu, wai shi ne "na ƙarshe da ya rage".

Da ka taɓa tallar, mace ce za ta amsa maka da saƙon murya. Hausarta tsaf, sallama cikakkiya, Hajiya kaza, Alhaji kaza, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Ba ta fara maganar kuɗi. Sai ta ce: "Hajiya, shekara nawa da aurenku? 12? Masha Allah. To don Allah yaushe rabon ki zauna da Alhaji ku biyu, ba kukan yaro, ba sallamar baƙi?" A nan take kama mutum, don gaskiya ta faɗa. A gidajenmu mace na iya shekara goma ba ta ci abinci kwano ɗaya da mijinta su kaɗai ba. Ga 'ya'ya, ga 'ya'yan riƙo, ga baƙin ƙauye da suka zo asibiti, ga zafin Afrilu da ke haura 40 a ma'auni, ga wuta da ake ɗaukewa tsakar dare. Wanda ya nuna wa irin wannan mace hoton dutse kore shar da hazo a kansa, ya ce can sai da bargo ake kwana, ya gama rabin aikinsa. Ban ga laifin wadda ranta ya biya ba, ban kuma ga laifin miji da ya so faranta wa iyalinsa ba.

Bayan an saba, sai a ce a ba da kafin alƙalami, jikka 100, don a riƙe ɗaki. Ta gidajen aika kuɗi ake turawa, kuma sunan da za a ba ka na wani namiji ne da bai da alaƙa da sunan kamfanin. In ka tambaya, a ce ai akawunmu ne. Sai a turo hoton rasit mai hatimi ja. Kwana kaɗan, kuɗin inshorar hanya. Bayansa, kuɗin "takardar tsallake iyaka", har da biza. Jama'a, tun yaushe mutumin Maraɗi ke yankar biza don ya shiga Jibiya ta Ɗan Isa? Ko bayan ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ba a ɗora wa mutane biza tsakanin ƙasashen biyu ba. Katin allurar shawara kuwa a gidan likita ake yin sa, da allura a dantse, ba a WhatsApp ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne cikon da suka nema daga baya, wai naira ta faɗi, otal ya ƙara kuɗi. In naira ta faɗi, ai mai sefa a hannu riba ya ci, ba asara ba. Yaron ɗan canji da ke kaɗa takardu a bakin tasha ya san wannan. Amma wanda ya riga ya zuba jikka 200 ba lissafi yake yi ba, tsoro yake kada na baya ya tafi a banza, sai ya ƙara.

Abin da ke riƙe da damfarar nan gaba ɗaya shi ne sirri, kuma da gangan suke dasa shi tun ranar farko. In mace ce, a ce: "Kada ki faɗa wa Alhaji, sai an gama komai ki miƙa masa tikiti ki ga yadda zai yi." In namiji ne, a ce ya ɓoye wa uwargida, kyauta ce ta ba-zata. Ta haka sun raba mutum da wanda ya fi kusa da shi, wanda da ya ji zai ce tsaya mu bincika. Sannan sun san garinmu. Sun san a Maraɗi, in aka ji mutum ya kwashi matarsa ya bar yara ya tafi shan iska don aurensu ya cika shekara kaza, wani zai ce almubazzaranci, wani zai ce kwaikwayon Nasara, dangin miji su ce ita ta sa shi. Wanda aka cuta a cinikin wake ko a kuɗin fili yakan fito ya yi ta kururuwa har gaban mai unguwa. Wanda aka cuta a wannan, shiru yake yi. Ɓarawon ya san da haka kafin ya buɗe shafin.

Na ga iyakar abin da kunyar nan ke sa mutum ya yi. Akwai wani malamin makaranta da matarsa, sun biya duka. Aka ce su kasance a bakin hanyar Ɗan Isa bayan sallar asuba, farar bas za ta tsaya ta ɗauke su. Tun jajibiri suka kai yaransu huɗu gidan kaka a Tibiri, da 'yar jakar gero da kuɗin cefane. Matar ta shiga gwanjo ta sayo rigunan sanyi biyu masu kauri, a tsakiyar bazara, har mai gwanjon yana mata dariya. Sun yi sallama da maƙwabta, an ce Allah ya kiyaye hanya, a kawo tsaraba. Suka tsaya da akwati a gindin dogon yaro. Da farko wayar tana shiga, ana cewa direba na shan mai. Da hantsi ya dubi ludayi aka ce an tsare motar a shinge. Kafin azahar, waya a kashe, hoton da ke kan lambar ya ɓace. Mai shayin da ke gefe ne ya kawo musu benci. Kuma ba su iya komawa gida ba. Kabu-kabu biyu suka tare, suka wuce gidan yayarta a Jiratawa, suka laɓe can har kwanakin tafiyar suka cika, suka sayi ayaba da abarba a kasuwa suka raba wa maƙwabta a matsayin tsarabar kudu. Matar da bakinta ta ba ni labarin, ta ce: "Yaya, kuɗin bai ƙona ni kamar ƙaryar da na yi wa ɗiyana ba."

Shi Obudu wuri ne na gaske, kuma masu wurin ba su da hannu a wannan ta'asa, sunansu kawai aka ara. Yana jihar Kuros Riba, kusa da iyakar Kamaru, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600. Asalinsa gandun kiwon shanu ne da aka kafa a 1951, zamanin Turawa, daga baya aka mai da shi wurin shaƙatawa, kuma a 2005, lokacin gwamna Donald Duke, aka sa masa motar igiya mai hawa da mutane sama. Amma duba tafiyar. Ƙanena direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu. Da na nuna masa tallar da ke cewa a tashi Maraɗi da asuba a yi magariba a kan dutse, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, sannan a gangara a bi ta Lafiya zuwa Makurɗi, a ƙetare kogin Binuwai, a bi ta Gboko kafin a kai garin Obudu. Daga garin ma da sauran kusan kilomita 60, kuma na ƙarshen hanya ce mai murɗe-murɗe da ake hawa a hankali. Jimilla ta haura kilomita 1,000, ga shingaye, ga wuraren da direba mai hankali ba ya bi da dare. Ya ce: "Yaya, wanda ya rubuta wannan bai taɓa wuce Kano ba."

Hotunan ma sun tona su, ga mai lura. A ɗaya, ƙanƙara ce fara fat a kan rufin gidan katako. Obudu akwai sanyi, akwai hazo, akwai ruwan sama mai yawa, amma dusar ƙanƙara ba ta sauka a ko'ina cikin Najeriya. Daga wata ƙasa aka kwaso hoton. Kuma ko ba ka san wannan ba, kuɗin kansa ya isa ishara: mota zuwa da dawowa ta wannan nisa, ɗakin otal kwana 5, abinci sau uku na mutum biyu, a wannan farashi? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai abin da ya fi kuɗin haɗari. Suna neman hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, na miji da na mata, da takardar aure, wai otal ba ya karɓar waɗanda ba ma'aurata ba. Wannan ma yana kwantar wa mutum da hankali, ya ce ashe wuri ne na mutunci. Sannan hotonku tare, don a buga a jikin kek. Katin nan ana iya yin rajistar layin waya da shi, a damfari wani da sunanka. Ɗaya daga cikin matan zubinmu da ta kira su ta wata lambar ta matsa a mai da mata kuɗinta, sai aka turo mata hotonta da mijinta, aka ce in ta sake kira za ta gan shi yana yawo da labarin da ba za ta so ba. Bayan sati kuma wani ya kira ta, wai shi jami'i ne, an kama ɓarayin, ta turo jikka 20 na buɗe fayil. Su ne dai. Hukuma ba ta karɓar ƙara ta hanyar aika kuɗi.

Wanda ke son irin wannan tafiya, halal ɗinsa ce, ya yi ta ido buɗe. Ka ce a faɗa maka inda ofis yake, ka taka da ƙafarka, ka ga kujera da mutum. Kamfani na gaske a Nijar yana da lambar rajistar kasuwanci (RCCM) da lambar haraji (NIF), mai shirya tafiye-tafiye kuma yana da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido, ba ya jin haushi in ka ce ya nuna. In za mu biya kujerar Makka, ai sai mun tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda COHO, hukumar aikin hajji da umara, ta amince da su, to wannan ma kuɗi ne. Ka nemi lambar otal ɗin da kanka, ba wadda suka ba ka ba, ka kira ka ji ko sun san da zuwanka. In sunan mai karɓar kuɗi ya saɓa da na kamfani, ka tsaya nan. In an ce saura ɗaki ɗaya, sai yau, ka ce a ba wani.

Wanda kuma ya riga ya tura, kada haushi ya sa ya goge hirar. Saƙonnin murya, lambobin, rasit na aikawa, hoton shafin, duk a adana. A garzaya gidan da aka aika kuɗin da rasit a hannu, don in ba a kai ga ɗauka ba akwai damar a tsayar, in an ɗauka kuwa akwai sunan wanda ya karɓa da garin da ya karɓa. Daga nan sai ofishin 'yan sanda. Nijar tana da doka kan laifukan intanet tun 2019, mai lamba 2019-33, kuma damfara ta waya tana ciki. Wanda ya ba da hoton katinsa ya faɗi haka a cikin ƙarar, don in wata rana an yi ɓarna da sunansa, takarda ta nuna shi ya fara kai kuka. Mace da ta ɓoye wa mijinta, ta daure ta faɗa masa kafin masu barazanar su riga ta. A zubinmu mun yanke cewa wadda ke jin nauyin shiga ofishin ita kaɗai, biyu daga cikinmu za su raka ta.

Tallar ta sake fitowa, yanzu da hutun ƙarshen shekara. An cire Obudu an sa duwatsun Ayar na yankin Agadas, da hoton ruwan da ke zubowa a Timiya da lambunan lemo da rumman, har da alkawarin hawa Bagzan mai tsayin mita 2,022, wai an yi rangwame ga ma'aikata da 'yan kasuwa. Lambar sabuwa ce, amma an kunna mini saƙon, muryar matar nan ce, kuma tambayarta ta farko ba ta sake ba: shekara nawa da aurenku?